Shafi Ɗaya Na Fi Ta

Sun karɓi wayarta da agogonta a bakin ƙofa,
suka ba ta mabuɗin akwati mai lamba tara.
Linnea ba ta waiwayo ba.
Na koma cikin motar aro
da kofin shayin da ya riga ya huce,
ina kallon ruwan Kodiak yana wanke gilashi.

Awa huɗu muka yi a teku kafin mu iso.
Gunnar na riƙe da sitiyari, bai ce uffan ba,
ita kuwa tana bitar lissafi a bayan rasit ɗin mai.

A takardar rajista akwai wani layi: sunan makaranta.
Ta ɗago ta dube ni.
Me za mu rubuta?
Teburin katakon nan mai gajeriyar ƙafa
da muke tokarewa da tsohon ƙamus?
Shekara goma sha ɗaya muna kansa,
da safe aji, da rana wurin gyaran kifi,
da dare a goge ɓawo a jera kwanuka.
Matar ofis ta ce, "Ku sa gida kawai."
Gida. Harafi huɗu.
Ragowar layin ya zauna fari fat.

A kansa ta gane uku bisa takwas
ranar da aka raba kuɗin kifi tsakanin mutanen jirgi.
Da littafin gyaran inji ta koyi haɗa baƙi,
ta san sunan kowane noti
tun kafin ta san sunan babban birnin jiharmu.
Cikowar teku da janyewarsa
su ne ƙararrawar shiga da ta tashi.

Ga abin da ban taɓa gaya mata ba:
ni a aji goma na tsaya.
Kamfanin gwangwanin kifi na ɗaukar ma'aikata, na tafi.
Don haka in ta yi barci sai in kunna fitila
in karanta darasin gobe, in sake, in sake,
har in iya faɗarsa ba tare da murya ta yi rawa ba.
Shafi ɗaya na fi ta.
Wani lokacin rabi.
Aljabara ta sa ni kuka a ɗakin ajiyar raga
har sau biyu, a hunturu guda.

Yayata Maren kan kira daga Tacoma
ta ce, "Kina wasa da rayuwar yarinyar nan."
Na sha kashe wayar.
Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.
Ita ce zaune gaban na'ura,
ni ake ɗorawa a sikeli.

Ƙarfe biyu saura ta fito, hularta a hannu.
Ta shigo ta ja ƙofa, sanyi ya biyo ta.
"Mama, akwai tambaya kan jiragen ƙasa biyu,
ɗaya ya tashi bakwai, ɗaya bakwai da rabi.
Ni da ban taɓa ganin jirgin ƙasa ba!
Sai na mai da su jiragen ruwa,
na kwantar musu da iska."
Na ce, "Ya fita?"
Ta ce, "Ya fita."

Sannan ta ɗora mini wata takarda a cinya,
irin tata sak, ba a cike ba.
"Matar ta ce ba ruwansu da furfura."
Na yi shiru.
"Bangon ɗakina katako ne, Mama.
Ina jin ki kina maimaitawa."

Na nemi mabuɗin mota, alhali yana jikinta.
Saura kimiyya ranar Alhamis,
ga Gunnar na son mu bar gaɓa kafin iska ta juya.
Ta ce yunwa take ji.
Na ninke takardar huɗu,
na sa a aljihun da nake sa wuƙar kifi.